Tallafi ko rance: me ya kamata Katsina ta nema daga waje?

Wata malamar sakandare a Daura ta aiko da wannan tambaya: "An gyara mana azuzuwa, an gina banɗakuna, ana kuma ba wasu ɗalibanmu mata kuɗi a ƙarƙashin shirin AGILE. Kullum tallafin Bankin Duniya muke ce masa, sai kwanan baya na ji wai bashi ne. Me zai sa gwamnati ta ci bashi alhali akwai masu bayarwa kyauta? In kuma an ba mu zaɓi, wanne ya fi?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan tarbiyyar 'ya'yanmu. Abin da kika ji gaskiya ne, kuɗin AGILE rance ne. A watan Yulin 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin jihohi bakwai: Katsina, Kano, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti. A 2023 ya ƙara dala miliyan 700, aka shigo da wasu jihohin. Haka shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a Arewa, dala miliyan 700 a ƙarshen 2021, da SURWASH na ruwan sha da tsafta, shi ma dala miliyan 700, wanda Katsina na cikin jihohinsa bakwai. Duk za a biya su. Kyauta ta ainihi ita ce irin kuɗin da Birtaniya ta zuba ta hannun UNICEF a shirin karatun 'ya'ya mata daga 2012 zuwa 2022, ko alluran rigakafin da Gavi ke taimakawa a saya, ko gidajen sauro da maganin tarin fuka da Global Fund ke biya. A rediyo duka biyun tallafi ake ce musu, kuma ina ganin ba a yi wa mai saurare adalci ba. Wanda za a cire kuɗi daga haƙƙinsa ya cancanci a gaya masa tun ranar farko.

Na daɗe ina aikin tsare-tsare da kasafin kuɗi, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne a fara duban aikin da za a yi kafin a dubi kuɗin. Shekara nawa aikin zai yi yana amfani? Zai kawo kuɗin shiga ko zai rage kashewa? Wa zai riƙe shi ranar da baƙin suka naɗe kayansu? Amsar waɗannan ita ke nuna ko kyauta ce ta dace da shi ko rance. Amma kafin mu je can, akwai abin da ya kamata ki sani game da zaɓin kansa.

Sau da yawa zaɓin ba a hannunmu yake ba. Reshen Bankin Duniya da ke kula da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wato IDA da aka kafa a 1960, ya shafe shekaru arba'in kusan rance kaɗai yake bayarwa. A shekarar 2000 wani kwamiti da majalisar Amurka ta kafa a ƙarƙashin Allan Meltzer ya ba da shawarar a koma kyauta, a 2001 kuma shugaba George Bush ya nemi a mayar da har rabin kuɗin kyauta. Ƙasashen Turai da dama suka ƙi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: kuɗin da ƙasashe ke mayarwa da shi ake sake ba wasu, in an rabar da shi kyauta asusun zai dogara kacokan ga alherin majalisun ƙasashe masu kuɗi. A 2002 aka daidaita a kan kashi 18 zuwa 21 cikin ɗari. Daga 2005 aka koma auna nauyin bashin kowace ƙasa: wadda ke dab da durƙushewa a ba ta kyauta zalla, ta tsakiya rabi da rabi, mai sauƙin bashi kuma rance. Najeriya ba ta ma cikin wannan layi sosai. Tana cikin rukunin da ake ganin suna da ƙarfin cin bashin kasuwa a gefe guda, suna kuma da talakawa masu yawa a ɗaya gefen, don haka abin da ake ba ta rance ne mai sauƙi. Ko da gwamnan Katsina ya tafi Washinton da kansa ya roƙa, ba za a ba shi dala miliyan ɗari kyauta daga wannan asusu ba. Kyautar da ke akwai tana zuwa ne ƙanana-ƙanana, kowacce ɗaure da aikin da mai ita ya zaɓa.

To mene ne rance mai sauƙi? Ga ƙasa irin tamu, wa'adin biya shekara 25 zuwa 30 ne, shekara 5 na farko ba a taɓa uwar kuɗin, ruwa da kuɗin hidima in an haɗa su kusan kashi 2 cikin ɗari. Ki kwatanta da takardun bashin da Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disambar 2024, dala biliyan 2.2, wani kaso a kan ruwa kashi 9.625, wani kashi 10.375. A kan dala miliyan 100, rancen IDA zai ci miki kimanin miliyan 2 a shekara, na kasuwa kuma wajen miliyan 10. Masu lissafi suna da ma'aunin da suke rage darajar kuɗin da za a biya nan gaba da kashi 5 cikin ɗari kowace shekara, kuma da wannan ma'auni, duk abin da za a mayar a kan rancen dala 100 irin na IDA bai wuce darajar dala 65 zuwa 70 ta yau ba. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na rancen kyauta ne a lulluɓe. Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa duk bashi ɗaya ne. Kuma shi ya sa dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce in za a ci bashi, a ci mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma don manyan ayyuka ko gina ɗan Adam kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da za a biya da shi. Ana karɓa da kuɗin waje, ana mayarwa da kuɗin waje, mu kuma harajinmu da naira muke tarawa. Lokacin da aka amince da AGILE dala tana kusan naira 380 a farashin gwamnati, kenan dala miliyan 500 kimanin naira biliyan 190 ce. Bayan sakin naira a Yunin 2023, ba a yi shekara ba dala ta kai wajen naira 1,500, kuɗin nan guda ya zama naira biliyan 750. Ba a ƙara ko kwabo a ruwan ba, amma nauyin ya ninka kusan sau huɗu. Don a yi adalci, akwai abu biyu da ke rage zafin. Kuɗin da ba a riga an ɗiba ba, in an ɗebe shi bayan faɗuwar naira, shi ma naira mai yawa yake bayarwa. Sannan kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya wani ɓangarensa kuɗin mai ne da ake sayarwa da dala, don haka shi ma ya tashi. Amma harajin kasuwar Mai'aduwa ko ta Charanci, da kuɗin ruwan famfo, da harajin albashinki, ba su san dala ba.

Kuma jiha ba ta da ikon cewa bana ba ta da hali. Tsarin mulki ya sa cin bashin waje a hannun tarayya. Ma'aikatar kuɗi ta tarayya ce ke sa hannu da mai ba da rancen, sannan ta ƙulla wata yarjejeniya da jiha, bayan majalisar dokokin jihar ta amince, majalisar tarayya kuma ta sa shi cikin shirin cin bashi. Ki samu takardar rabon kason wata-wata da ofishin Akanta Janar na Tarayya ke fitarwa ki duba. Za ki ga sunan jiha, sai jimlar kasonta, sai layukan abin da aka cire, na farkonsu bashin waje, sannan a can ƙarshe abin da ya rage. Wannan ragowar ce ke isowa Katsina. Kafin a yi maganar albashin malamai, ko maganin asibitin Daura, ko taki, mai bashi ya riga ya ɗauki nasa a Abuja. Na sha zama da wannan takarda a gabana ina lissafin abin da za a jinkirta a watan, kuma kusan kullum abin da ke shan kashi shi ne kuɗin gyara da na gudanarwa, domin su ne ba su da mai yi musu kuka.

Ga kuma wani abu da ke damuna fiye da lissafin. Gwamna shekara takwas ce iyakarsa. Shiryawa da amincewa da rance kan ci shekara ɗaya ko biyu, sannan a ƙara shekara biyar na sassauci. Wanda ya sa hannu shi zai yanka zare a buɗe gini, wanda zai biya uwar kuɗin kuwa yanzu wataƙila yana ajinki. In ka tayar da maganar a wurin taro, wani jami'in sai ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma mun taɓa ganin inda ya kai mu. Basussukan da aka ci daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, yawancinsu a farashin kasuwa, sun taru da ruwa da tarar jinkiri har abin da ƙasashen ƙungiyar Paris, wato ƙasashe masu kuɗi da ke ba da rance, ke bin Najeriya ya kai kusan dala biliyan 30. A Oktoban 2005, zamanin Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe biliyan 18, muka biya sama da biliyan 12, aka kammala a Afrilun 2006. Kuɗin da aka huta biya, wajen dala biliyan ɗaya a shekara, shi aka karkatar zuwa ayyukan muradun ƙarni, kuma rijiyoyin burtsatse da ƙananan asibitoci da yawa a ƙauyukanmu daga nan suka fito. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki abin da biyan bashi ke hana talaka. Zambiya a 2020, Ghana a 2022 da Habasha a 2023 duk sun gaza biyan bashinsu na waje, alhali an taɓa yafe musu na baya.

Da jin wannan za ki ce to a tsaya ga kyauta mana. Ita ma tana da tsadarta, sai dai ba a rubuta ta a takardar rabo.

Babbar tsadarta ita ce tana iya tsayawa ranar da mai ita ya ga dama, kuma dalilin tsayawar sau da yawa bai shafi wanda ake taimakawa ba ko kaɗan. Manyanmu a arewacin jihar nan sun san aikin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi daga ƙarshen shekarun 1980, mutane suna ce masa aikin EEC: gandun renon itatuwa, layukan dogonyaro da turare masu kare gonaki daga iska, dashe a makarantu da gonaki. A Nuwambar 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, Turai ta dakatar da haɗin gwiwar raya ƙasa da Najeriya, ayyukan da ke rayuwa da kuɗinta suka shiga halin ni-'yasu. Manomin Mashi ko Zango ba shi da hannu a abin da ya faru a Fatakwal, hamada kuma ba ta dakata don an dakatar da kuɗi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: masu tallafi suka janye, gwamnati ta rage kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. Sai kuma 2025. A ranar 20 ga Janairu shugaban Amurka ya dakatar da tallafin waje, zuwa Yuli an rufe hukumar USAID, Birtaniya ma ta sanar za ta rage nata zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na arziƙinta, bayan ta riga ta sauko daga 0.7 zuwa 0.5 a 2021. A watan Yulin ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa, ta kuma ambaci yanke tallafin cikin abubuwan da suka tsananta lamarin. Rashin tsaro da tsadar abinci suna da nasu kason. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne mun bar abincin ceton yaro mai tamowa ya rataya a kan zaɓen da ake yi a wata ƙasa.

Tsada ta biyu ita ce abin da aka ba ka kyauta ba ka cika tambayar wa zai riƙe shi ba. Na taɓa shiga wani ƙaramin asibitin ƙauye da wata ƙungiyar waje ta gina. Gini mai kyau, da firjin ajiye rigakafi mai aiki da hasken rana, faifan na nan a kan rufi ba abin da ya same shi. Batir ne ya mutu. Ma'aikaciyar ta buɗe mini firjin, ba komai ciki sai katunan awo da ta jera don kada gara ta ci. Duk ranar rigakafi sai ta tura yaro a babur da akwatin ƙanƙara zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, in ya makara uwaye su gaji su koma gida. Ƙungiyar ta ce ta miƙa wa ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukuma kuma ba a tambaye ta ba lokacin da aka zaɓi irin firjin, kuma babu layin batir a kasafinta. Kuɗin kyauta yawanci ba ya bi ta baitulmalin jiha. Yana bi ta hannun ƙungiyoyi da 'yan kwangilar da mai bayarwa ya zaɓa, wani kaso mai tsoka ya tafi ga masana da motoci da bita a otal, majalisar jiha ba ta gan shi ba balle ta bincika. Rance kuwa, duk da nauyinsa, yana shiga kasafi, ana tafka muhawara a kansa, mai binciken kuɗi na jiha yana da hurumin bin sa.

Akwai ta uku, wadda masana ke jayayya a kanta. Wani bincike da ma'aikatan Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fitar a 2003 ya nuna cewa ƙasashen da ke samun kyauta da yawa sukan yi sanyi wajen tara haraji, masu rance kuwa sukan ƙara himma. Wasu masu bincike sun ƙalubalanci sakamakon daga baya. Abin da na gani da idona dai shi ne, da zarar wata ƙungiya ta ɗauki nauyin wani fanni, sai a rage abin da ake sakar wa fannin a kasafi a kai wani wuri. Kyautar ba ta ƙaru a kan namu ba, ta maye gurbinsa ne.

Tarihi bai ba ɗayansu gaskiya shi kaɗai ba. Turai ta farfaɗo bayan yaƙin duniya na biyu da kuɗin shirin Marshall, wajen dala biliyan 13 daga 1948, mafi yawansa kyauta. Koriya ta Kudu kuwa ta ci rancen IDA, ta biya, yau tana cikin masu zuba kuɗi a asusun.

Yanzu ga yadda zan zaɓa in an sa ni a kujerar. Abin da amfaninsa ke ƙarewa a shekarar da aka kashe kuɗin, kamar rigakafi, abincin tamowa, agajin ambaliya irin wadda ta afka wa Jibiya a 2018, ko ciyar da 'yan gudun hijira, ba zan ci masa bashin shekara talatin ba. A nemi kyauta, a kuma sa namu kason a kasafi yana ƙaruwa kowace shekara, yadda ranar da aka janye ba za a rufe ƙofa ba. Haka abin da amfaninsa ya tsallake iyaka, kamar kawar da shan inna ko tare hamada: duniya ce ke cin moriya, ya dace duniya ta biya. Haka kuma gwajin sabon abu da ba a tabbatar zai yi aiki a wurinmu ba. In ya faɗi, kada a bar mu da bashi.

Abin da zai rayu shekara ashirin ko talatin kuma ya motsa tattalin arziƙi, kamar hanyar da za ta fito da amfanin gona, magudanar ruwa a gari, hanyoyin ban ruwa daga madatsun Zobe, Jibiya ko Sabke, ko bututun ruwan sha, wannan rance mai sauƙi ya dace da shi, kuma adalci ne waɗanda za su more shi nan gaba su taya biya. Sai dai da sharaɗi. Dole a nuna daga ina kuɗin biya zai fito, a kuma yi lissafin da dala mai tsada fiye da ta yau. Aikin ruwan da hukumar ruwa ba ta iya karɓar kuɗinsa daga masu sha, bashinsa a kan albashin malamai zai faɗa. Dole kuma kason da jiha za ta zuba ya kasance a hannu kafin a sa hannu. Na ga ayyukan da suka yi shekara biyu a kwance saboda jiha ba ta biya nata kason ba, ko ba a biya diyyar gonaki ba, alhali shekarun sassauci suna ta tafiya, wasu masu ba da rancen ma suna cajin kuɗi a kan abin da ba a ɗiba ba. Aikin gona na Funtuwa da aka fara da rancen Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da na Gombe, shi ne tushen hukumomin raya aikin gona na jihohi. Ya buɗe hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki, amma ya bar mana darasin da har yau ba mu gama koya ba, cewa injin da aka saya da rance ma yana buƙatar mai da kanikawa bayan an rufe aikin.

Ilimi, wato fanninki, shi ne mai wuyar hukunci, domin yana tsakiya. Makaranta ba ta kawo kuɗin shiga, amma yarinyar da ta gama sakandare takan fi kula da lafiyar 'ya'yanta, ta fi iya sana'a, 'ya'yanta ma su yi karatu, kuma wannan riba tana daɗewa fiye da kwalta. Don haka ban ga laifin cin rance mai ruwan kashi 2 don gina azuzuwa da ɗakunan gwaji a jihar da 'yan mata da yawa ke tsayawa a firamare ba. In an jira kyautar da za ta isa wannan aiki, 'yan matan da ke aji shida yau za su yi aure ba ta zo ba. Inda nake da damuwa shi ne kuɗin da ake ba ɗalibai hannu da hannu. Yana da amfani, yana riƙe yarinya a aji, amma abu ne mai maimaituwa kowane zango, rancen kuma yana da ranar rufewa. In jiha ba ta fara ɗaukar wani kaso daga aljihunta tun yanzu ba, za a wayi gari an daina biya, yaran sun koma talla, bashin kuma yana nan.

Mafi kyawun abin da na sani shi ne inda aka gauraya biyun da hikima. A 2014 Japan ta ba Najeriya rance don yaƙi da shan inna, da sharaɗin in an cimma adadin yaran da aka yi alkawarin yi wa rigakafi, gidauniyar Gates za ta biya a madadinmu. An cimma, gidauniyar ta ɗauki nauyin dala miliyan 76, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Ga rance da ya tilasta aiki, ga kyauta da ta zo bayan an ga sakamako. Shirin SFTAS na 2018 ya bi wata hanyar: tarayya ta ci rancen dala miliyan 750, ta riƙa ba jihohi kyauta in sun wallafa kasafinsu da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci. Ga jiha kyauta ce, ga ɗan ƙasa kuwa bashi ne, domin tarayyar ma da kuɗinmu take biya. A wasu shirye-shiryen kuma tarayya kan miƙa wa jiha rancen da nauyinsa gaba ɗaya. Yarjejeniyar da ke tsakanin jiha da ma'aikatar kuɗi ce ke fayyace wanne ne.

Tunda a Daura kike, ga misali a ƙofar gida. Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar 2019 kyauta ce daga kamfanin CCECC na China, an ƙiyasta ta dala miliyan 50. Kamfanin nan shi ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka yi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China. Ba aibu ba ne a karɓa, jami'ar alheri ce ga garin. Amma mai lissafi ba ya auna irin wannan kyauta ita kaɗai, yana ɗora ta a sikeli ɗaya da kwangila da rancen da suka zo tare da ita, sannan ya tuna albashin malamanta da wutar lantarkinta har abada a wuyan gwamnati suke.

Na san akwai maganar riba a zuciyar masu karatu da yawa, kuma magana ce mai nauyi da hukuncinta ke hannun malamai. Ta fuskar aiki, akwai hanyoyin da ba su bi ta ruwa ba. Najeriya ta shiga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda a 2005, shi kuma yana aiki ne da istisna'i da ijara da murabaha, wato ya gina ko ya saya sannan ya sayar ko ya ba da haya. Gwamnatin tarayya ma ta fara sukuk, wato takardun rance na tsarin Musulunci, a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kuma wannan da naira ake biyansa. Sai dai kada a ɗauka kyauta ne. Wajibi ne da za a sauke, na bankin Jidda kuma da kuɗin waje, don haka duk tambayoyin da na jero suna hawa kansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Bashin da aka ci da sunan mutum miliyoyi ya fi kowanne cancantar a karanta musu shi a fili, da Hausa.

Abin da ke hannunki, Malama, ba kaɗan ba ne. Ofishin Kula da Basussuka na ƙasa yana wallafa bashin waje na kowace jiha sau biyu a shekara, na ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. Bankin Duniya yana sa yarjejeniyar kowane rance da rahoton tafiyar aikin a shafinsa na intanet, har da ranar rufewa da adadin da aka ɗiba. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Daura yana da haƙƙin ganin yarjejeniyar da jiha ta sa wa hannu, ku kuma kuna da haƙƙin tambayarsa. A zaman kwamitin kula da makaranta na gaba, ku nemi a karanta nawa aka turo, me aka yi da shi, a liƙa a allon sanarwa. In ɗan kwangila ya kawo kwanon rufi marar kauri ko ya rage siminti, kada shugaban makaranta ya sa hannun karɓa, domin rubabben gini ma cikakken kuɗinsa za a biya. Sannan ku lissafa abin da riƙe sababbin gine-ginen zai ci a shekara, ruwan banɗaki, gyaran famfo, batirin sola, mai gadi, ku rubuta wa ofishin ilimi na shiyya tun kafin ƙarshen damina, lokacin da ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu na kasafin baɗi. Abin da bai shiga a wannan zagayen ba sai ya jira wata shekarar.